Taki Ɗaya a Tsakani

Ƙarfe biyun dare ƙararrawa ta yi kira
a gidan Alhaji Bappayo, can Tumfure.
Maigadi ya leƙa: ba mutum, ba kare,
sai get ɗin ƙarfe yana ja da kansa
kamar an amsa wa wani sallama.

Kwana tara ana haka.
Kyamarar zaure na zuba yayyafi a allo,
fitilar baranda ta suma, ta farfaɗo.
Goggo Dija ta ce a turara gida. Aka turara.
Ƙararrawa ba ta shaƙi komai ba.

Sai aka nemo ni, Gidado mai wayarin.
Na sauke babban makunni, na sa tasta,
na sake sawa,
don shirun wuta ba rantsuwa ba ne.

Na kwance murfin akwatin bango.
Ga su kwance a bututu guda:
ja mai kauri, ɗauke da ɗari biyu da talatin,
da 'yar siririya mai sha biyu kacal,
wadda abincinta raɗa,
daga ƙofa zuwa na'ura, daga na'ura zuwa ƙofa.
An ɗaure kura da akuya a turke ɗaya.
In wuta ta dawo tsakar dare,
injin burtsatse ya zabura,
babbar ta yi gurnani,
ƙaramar ta kwashi gurnanin a guje
ta ce wa ƙararrawa an yi baƙo.

Malam Jauro ya biya mana wannan karatu
a kan benci, a Jekadafari,
yana fere waya da haƙorin filaya:
kowacce da bututunta,
kowacce da akwatinta.
In dole su kwana ɗaki ɗaya, sa shamaki.
In bango ɗaya za su bi, bar taki a tsakani.
In hanya ta haɗa su, su gitta kamar mararraba,
kada su jera.
Wayar ƙasa ta isa ƙasa.
Rubuta suna a bakin kowace waya,
mai zuwa bayanka ba ɗan duba ba ne.

Ya ce, hayaniya ƙaramin laifi ce.
Ka ji tsoron ranar da ɓera zai ci roba,
babbar ta bi ta hanyar ƙaramar
har zuwa maɓallin da yara ke dannawa.

Na zaro wayar a hankali.
Sai ga ɗaurin salatif:
zagaye uku, bakin a lanƙwashe baya
don a samu wurin kamawa.
Duk Gombe hannu ɗaya ke wannan ɗauri,
kuma shi ke riƙe da tocilan.

Shekara huɗu ke nan.
Gidan bai da fenti, bai da mai shi a kusa,
ɗan kwangila na duba agogo,
birkila na tsaye da kwaɓaɓɓen siminti,
bututu ya ƙare, kasuwa da nisa,
la'asar na neman kufcewa.
Na ce, ai ba komai.
Siminti ya rufe, ya riƙe mini amana.

Alhaji ya ce, wane mara tsoron Allah ya yi wannan?
A bakin get jikarsa Ummita
ta yi ɗage, tana miƙa yatsa ga maɓalli.
Na auna tsayinta da ido.

Na ce, ni ne.

Kwana biyu ina sassaƙar bango da kurfi,
ƙura a gira, ƙura a shayi.
Sabon bututu, taki ɗaya daga tsohon,
na ƙara yatsa biyu don kunya.
Ban karɓi ko kuɗin Keke ba.

Yanzu gidan na barci har asuba.
Goggo Dija ta ce turarenta ne,
sai dai ya yi jinkirin kamawa.
Ban yi musu ba.
Na naɗe ragowar waya a gwiwar hannu,
na tafi Bolari,
akwai wani gida can da nake son dubawa.